Amsoshin Tambayoyinku: Tarihin Shirin Young Doctor Malone

Wata mai sauraronmu daga Maraɗi ta aiko da tambaya kan shirin wasan kwaikwayon nan na Amurka, Young Doctor Malone, wanda ya faro daga rediyo ya koma talabijin.

Malama, shirin ya fara fita ne a rediyo a watan Nuwamba na 1939, kowane kashi minti 15, ana sa shi da rana lokacin da matan aure ke aikin gida. Labarin wani matashin likita ne, Jerry Malone, a wani ƙaramin gari mai suna Three Oaks, yana fama da marasa lafiya ga kuma rikicin gidansa. Kamfanin Procter & Gamble, mai yin sabulu, na cikin masu ɗaukar nauyinsa, don matan da ke sauraro su ne masu sayen kayansa.

A Disamban 1958 tashar NBC ta kai shi talabijin. Nan Jerry ya manyanta, ɗansa David ma ya zama likita, suna aiki a asibiti ɗaya. Wannan dabara ce mai kyau, domin saɓanin uba da ɗa ya ƙara wa labarin armashi.

Talabijin ce ta kashe kasuwar irin waɗannan wasanni a rediyo. Ranar 25 ga Nuwamba 1960 CBS ta rufe sauran wasanninta na rana a rediyo, har da wannan. Na talabijin ya tsaya a Maris 1963, kuma ranar 1 ga Afrilu aka fara wani wasan kan asibiti, General Hospital, a tashar ABC, wanda ya haura shekara 60 ana nuna shi.