DARASI: Malamin Makaranta da Amanar Ƙarshen Shekara

Bismillahir Rahmanir Rahim. Yabo da godiya sun tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa malamai, ku sani cewa shekarar karatu a ƙasarmu Nijar tana farawa a watan Oktoba, ta ƙare a watan Yuni. A nan Buza da kewayenta, kamar Ƙarofane da Tabotaki da Allakaye, ƙarshen nata yakan zo a lokaci mafi tsanani: bazara ta yi zafi, rumbuna sun yi ƙasa, ga shuka ta gabato, iyaye suna bukatar 'ya'yansu a gona. A nan ne himmar malami takan yi rauni. To, Allah Ya gargaɗe mu a cikin Suratun Nahli, aya ta 92, kada mu zama kamar macen da ta kaɗa zarenta ya yi ƙarfi, sa'an nan ta warware shi. Kuma ya tabbata a cikin Sahihul Buhari cewa ƙarshen aiki shi ne abin lura.

Na farko, malami ya tsaya a ajinsa har ranar rufewa. Albashin watan Yuni daidai yake da na Oktoba, saboda haka wanda ya bar yara ya tafi shuka, ko ya tafi Madawa ko Tawa ba da uzuri ba, ya ci abin da bai yi wa aiki ba. Ya yawaita bita, musamman ga masu zana jarrabawar BEPC.

Na biyu, ya yi adalci wajen ba da maki. Maki mudu ne, kuma Suratul Muɗaffifina ta yi wa masu tauye mudu narko. Kada ya ɗaga ɗan mai hali, ya danne ɗan talaka. Kada ya karɓi kaza ko buhun albasa a lokacin gyaran takardu. Annabi (SAW) ya tsawata wa Ibnul Lutbiyya, wanda ya aika karɓar zakka, a kan kyautar da aka ba shi saboda aikinsa.

Na uku, ya miƙa amanar kaya. Littattafai da rajista da alluna a ƙidaya su, a adana su inda ruwa da gara ba za su kai ba, balle a makarantun da ajinsu na zana ne.

Na huɗu, ya ziyarci iyaye kafin hutu, domin yara da yawa daga hutun damina suke ɓacewa: namiji ya tafi bida, mace a ɗaura mata aure. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, ya zargi malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Kalma guda ga uba tana iya maido da yarinya aji.

Na biyar, ya nemi gafarar almajiransa. Wanda ya buga fiye da kima ko ya muzanta a gaban 'yan'uwansa, ya lallashe shi tun ba su rabu ba, domin hakkin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe.

Allah Ya sa mu cika da kyau, Ya ba mu damina mai albarka, Ya shirya mana zuriya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.