Taurari biyar a kan motar ambaliya

Da igiya aka jawo wata Toyota Corolla zuwa wani garejin gyara a Kokomlemle, kusa da Circle a Accra. Mai ita saurayi ne ɗan Maamobi, ko wata biyu bai yi da sayenta ba, da niyyar ya riƙa aikin Bolt. Kuɗin ma ba nasa ba ne shi kaɗai. Mahaifiyarsa, mai sayar da waakye a Nima, ita ta kwashi adashinta ta ba shi, yayansa da ke Italiya ya cika sauran.

Mai wannan rubutu, wanda duba mota kafin saye ita ce sana'arsa, yana ɗaga kafet ɗin ƙasa ya tarar da busasshen taɓo. Tsatsa ta ci ƙafafun kujeru, soket ɗin wayarin duk sun yi kore, sikana kuwa ta zubo lambobi kamar ba za ta tsaya ba. Da aka buga lambar casis a intanet sai ga hoton motar a filin gwanjo a Amurka, da shatin ruwa har rabin ƙofa. Motar ambaliya ce aka wanke, aka fesa mata turare, aka fito da ita daga tashar Tema.

"Ɗana, me ya hana ka kira makanike kafin ka biya?"

"Masta, ai na duba dillalan a Google. Taurari biyar-biyar ne, kowa yabonsu yake."

Ya miƙo wayar a gani. Cikin jerin masu yabon nan har da sunansa da hotonsa. Ranar da ya biya, kafin a ba shi makulli, yaron dillalin ya ce idan ya danna taurari biyar ya rubuta cewa gidan nan amana ne, za a tura masa sidi 200 ta MoMo, juyen mai na farko kuma kyauta. A tsaye a wurin ya rubuta, motar ko taku ɗaya bai tuƙa ta a titi ba. Suka ɗauke shi bidiyo yana ɗaga makulli yana dariya, suka sa a TikTok. Abin da ya fi ƙona rai shi ne wani abokin zamansu a majalisa ya ga bidiyon, ya je gidan, har ya ajiye kafin alƙalami a kan wata motar. Shi kuma da ya koma da ƙorafi, cewa aka yi muddin ya rubuta kalma ɗaya ta suka, babu maganar gyara.

A wasu ƙasashe wannan laifi ne da aka rubuta ƙarara. Hukumar FTC ta Amurka ta kafa ƙa'ida da ta fara aiki ranar 21 ga Oktoba 2024: haramun ne kamfani ya ba da kuɗi ko kyauta bisa sharaɗin a yabe shi, haramun ne ya yi barazana don a goge suka, kuma tarar kowane laifi guda tana iya haura dala 50,000. Dillalan motoci sun ɗanɗana, kafin nan da bayan nan. A 2017 kamfanin Sage Auto Group na Los Angeles ya amince ya biya sama da dala miliyan 3.6 a kan tuhume-tuhumen da suka haɗa da yabon ƙarya, a Disamba 2024 kuma Leader Automotive Group na jihar Illinois ya amince da dala miliyan 20, shi ma da zargin matsa wa ma'aikata da masu saye su rubuta yabo. A Ingila, tun Afrilu 2025, ɓoye cewa an biya mai yabo na iya jawo tarar kashi 10 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara. A can abin da ake yarda da shi ɗan kaɗan ne: ka nemi ra'ayin mai saye, daɗi ko ɗaci, in da kyauta a ciki a bayyana. Google kuwa ko wannan bai yarda ba, ƙa'idarsa ta hana kowane irin tukuici, kuma yana goge abin da ya kama.

A Ghana shekara da shekaru aka kwashe ana jan ƙafa a kan daftarin dokar kare masu saye, shi ya sa wasu dillalai suke ganin fili nasu ne. Sun yi kuskure. Dokar cinikin kaya ta 1962, Act 137, ta ɗora wa mai sayarwa alhakin aibin da bai bayyana ba. Dokar laifuka ta 1960, Act 29, sashe na 131, ta sa karɓar dukiyar mutum ta hanyar yaudara cikin manyan laifuka. Amma ranar da saurayin nan zai tsaya gaban alƙali, takardar farko da lauyan dillali zai ɗaga ita ce yabon da ya rubuta da yatsansa.

Yabon da aka biya shaidar zur ce. Mai bayarwa mayaudari ne, mai karɓa ya taya shi. Sidi 200 ba ta sayen giyabos.

Masu saye ma suna da nasu laifin, kuma mai wannan rubutu ya gaji da faɗa. Mutum zai ɗauki guminsa na shekaru ya miƙa, amma kuɗin dubawa ne yake masa nauyi. Wani ya taho da ɗan unguwarsu da ke kiran kansa makanike, ya buɗe bonet, ya saurari inji, ya ce lafiya lau, alhali dillalin ya riga ya sa masa la'ada a aljihu. Irin waɗannan 'yan gaba-daɗi su suka zubar da mutuncin sana'ar. Kada a rubuta yabo ranar saye. A tuƙa motar wata uku, a bi da ita go-sulo na Nima da tsakar rana, a ga yadda za ta yi da damina, sannan a faɗi abin da aka gani. Idan an ga yabo goma sun zubo cikin mako guda, da kalmomi iri ɗaya, duk ana ambaton sunan yaron shago ɗaya, a ja da baya. A fara karanta masu tauraro ɗaya, a ga yadda gidan ya amsa musu. Kuma, don Allah, kada a rubuta yabo ranar saye, ko da tanki aka cika wa mutum.

Lambar casis kuwa a buga ta kafin a taɓa aljihu, a gwada ta da takardun kwastan da na hukumar rajistar motoci ta DVLA. Ba ambaliya kaɗai take tonawa ba. A Disamba 2022 hukumar EOCO mai yaƙi da laifukan tattalin arziki, tare da jami'an Amurka da Kanada, ta kwashe motoci 37 da ake zargin na sata ne daga gidajen sayar da motoci a nan Accra, kuma wanda aka kama irin wannan mota a hannunsa, motar za a ɗauke, shi ya bi dillalin da ya karɓi kuɗinsa.