Yadda Baƙo Zai Shiga Kasuwar Sabon Gari Ya Fita Lafiya

Kullum motoci na sauke fatake a Kano daga Maraɗi, Damagaram, Agadas da Marwa, kuma da yawansu Kasuwar Sabon Gari suka nufa, wadda a hukumance ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi. Kowa da lissafin kayan da zai sara. Kaɗan ne ke tunanin jikinsu, alhali rana da ruwan sha sun fi ɓarawo kayar da baƙo a nan.

Shiri daga gida yake farawa. Ka yi allurar rigakafin zazzaɓin shawara, ka karɓi katin nan mai ruwan ɗorawa, domin ana iya tambayarsa a kan iyaka ko a filin jirgin Malam Aminu Kano. Sai ta kwana 10 katin yake fara aiki, don haka kada ka bari sai ana gobe tafiya. In da bazara za ka zo, ka ƙara da ta sanƙarau. In da yara za ka taho, ka duba katinsu, don mashaƙo ya yi wa Kano ɓarna a 2023. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ɗauko maganin da zai ishe shi har ya koma. Ɗan'uwan da ya daɗe a Ingila ko Amurka kuwa ya sani jikinsa ya daina sabawa da zazzaɓin cizon sauro: ya ga likita kafin ya taso, ya kwana cikin gidan sauro.

Na biyu, ka nemi mai masauki. A ganina babu matakin da ya kai wannan. Ɗan kasuwar da wani naka ya sani, mai shago tsayayye, shi zai nuna maka layin da kayanka suke, ya haɗa ka da ɗan dakon da ya yarda da shi, ya ajiye maka abin da ka sara. Wanda ya tare ka a bakin ƙofa yana "Alhaji, me ake nema?" wataƙila mutumin kirki ne, amma ka gode masa ka wuce. Ka rubuta lambar mai masaukinka a takarda ka sa a aljihu, ko da waya ta ɓata.

Sai kuɗi. 'Yan canji na Wapa, nan cikin Fagge. Ka tambayi farashi wurin mutum biyu ko uku, ka canja sefarka a cikin shago, ka ƙirga a zaune. Raba kuɗin gida biyu: na cefane a aljihun gaba, na sari a cikin riga. In kai ne ka sayar aka tura maka ta banki, kada ka saki kaya don an nuna maka saƙo a waya, sai ka ga kuɗin a asusunka.

Ka shiga kasuwa da hantsi ka fito kafin magariba. Tun 2013 aka hana acaɓa a birnin, Adaidaita Sahu za ka hau. Ku yi ciniki kafin ka zauna, kuma wayarka ta koma aljihu, domin masu ƙwacen waya sun fi samun wanda ke latse-latse a gefen Adaidaita, musamman inda cunkoso ya tsayar da ababen hawa kamar Bata da 'Yankura.

A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40. Sha ruwa kafin ƙishi ya kama ka, na roba ko na leda mai lambar NAFDAC. Ka ci abincin da aka sauke a gabanka yana tururi. Yankakken kankana da ƙuda ke bi, da zoɓo ko kunun ayar da ba ka san ruwansu ba, ka haƙura da su, balle da damina, lokacin amai da gudawa. In cikinka ya ɓaci, ka jiƙa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ka riƙa kurɓa. In gudawar ta tsinke kamar ruwan shinkafa, maza sai asibitin IDH da ke titin Faransa, kusa da kasuwar.

Kada ka sayi magani a faranti ko baro. A 2024 hukumomi suka tashi masu sarin magani daga wannan yanki zuwa cibiyar Dangwauro da ke hanyar Zariya, don a riƙa sa ido a kan abin da ake sayarwa. Zazzaɓi ya kama ka? A gwada jininka tukuna. Asibitin Murtala yana cikin gari, na Malam Aminu Kano yana titin Zariya.

Gobarar 2016 ta cinye dubban shaguna a kasuwar nan, kuma layukanta matsattsu ne. Da shigarka ka lura da ƙofar da ta fi kusa da kai. Ihu ya tashi, na wuta ne ko na ɓarawo, kada ka je kallo: bar kayan a shagon mai masauki, ka bi gefe ka fita.