Darasi na 14: Cin Abinci a Waje a Girei da Jimeta

Idan kuka tashi daga Jimeta, kuka haye gadar kogin Binuwai, kuka kama hanyar Mubi, ba da jimawa ba za ku shiga ƙaramar hukumar Girei. A nan Jami'ar Modibbo Adama take, wadda aka raɗa wa sunan malamin da ya kafa garin Yola a 1841. Ɗalibai suna zuwa karatu daga sassa daban-daban na Nijeriya, kuma da yawansu ba su da lokacin girki. Wannan ya sa rumfunan abinci suka yawaita a Sangere, kusa da jami'ar, da kuma bakin tashoshin mota. Mai abinci tana iya zama Bafulatana, mai saye kuma Bayarabe ko ɗan Bachama, amma galibi Hausa ce take haɗa su. Wanda ba ya jin Hausa ba zai kwana da yunwa ba, sai dai da yatsa zai yi ta nuni, kuma sau da yawa abin da za a zuba masa ba shi ya nema ba.

Kowane lokaci da abincinsa. Da sassafe za ku tarar da masu ƙosai da koko da masa, ga kuma kunun gyaɗa, wanda mutanen Adamawa suke ji da shi ƙwarai. Da rana tuwo ne sarki: na shinkafa ko na masara, da miyar kuka ko kuɓewa ko yakuwa. Fulani suna kiran tuwo nyiiri, nono kuma kosam, kuma za ku riƙa jin kalmomin nan a bakin masu fura.

Teburin mai shayi kuwa ya cancanci ku tsaya ku dube shi da kyau. Ga burodi a jere, ga gwangwanayen madara, ga ƙwai, ga tukunyar ruwan zafi a gefe, mutane kuma suna zaune a benci suna hira. A yau ba shayi kaɗai yake sayarwa ba. Yana dafa taliyar Indomie, wadda asalinta daga ƙasar Indunisiya ne, ya yanka mata albasa da attaruhu, ya soya ƙwai ya ɗora a kai. Kafin ku gama gaisawa da na kusa da ku, abinci ya sauka. Ba ta riƙe ciki kamar tuwo, gaskiya, amma ga ɗalibin da ya fito daga karatun dare babu abin da ya fi ta sauƙi. Da magariba kuma sai masu tsire da balangu su hura wuta, masu soya kifi su ɗora kasko.

To, yaya ake neman abinci? Da farko ku yi sallama, ku gaida mai abinci. Babbar mace ku ce mata Hajiya ko Mama, namiji kuma Malam. Ba ladabi ba ne mutum ya faɗo rumfa ya ce "Ba ni tuwo!" An fi so a ce "A ba ni" ko "Don Allah ki zuba mini". A irin waɗannan wurare ba a kawo takardar jerin abinci. Ku za ku tambayi abin da ke akwai, sannan ku faɗi na nawa kuke so. Ku karanta wannan hira:

Ɗalibi: Salamu alaikum. Ina wuni, Hajiya?
Mai abinci: Wa alaikumus salam. Lafiya lau, samari. Me za a kawo maka?
Ɗalibi: Akwai tuwon shinkafa?
Mai abinci: Ya ƙare, sai na masara. Akwai kuma shinkafa da wake.
Ɗalibi: To, a zuba mini shinkafa ta ɗari bakwai. Kada a sa yaji da yawa.
Mai abinci: Da nama ko babu?
Ɗalibi: A sa guda ɗaya. Nawa ke nan duka?
Mai abinci: Dubu ɗaya cif.
Ɗalibi: Ga shi. A yi mini gyara mana, Hajiya!

Ku lura da "shinkafa ta ɗari bakwai". Shinkafa tamace ce, don haka aka ce ta. Tuwo namiji ne, sai a ce "tuwo na ɗari biyar". A Jimeta za ku ji wasu suna cewa "shinkafa na", domin da yawa daga mutanen wurin su ma koyon Hausa suka yi. Mai abinci za ta gane ku ko da kun faɗi haka, amma a jarrabawa kuskure ne.

Gyara ita ce ɗan ƙarin da mai sayarwa take yi wa mai saye kyauta. Ku tambayi kuɗi kafin a zuba, kada ku ci ku ƙoshi sannan ku ga aljihunku bai kai ba. Ku wanke hannu, ku ci da dama, ku miƙa kuɗi ma da dama. Idan wani ya zo ya same ku kuna ci, ku ce masa "Bismillah". Shi kuma zai ce "Alhamdu lillahi" ko "A ci lafiya", wato ya gode, ba zai ci ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa rumfunan abinci suka yawaita a Sangere?
2. Ku kawo abubuwa huɗu da ake gani a teburin mai shayi.
3. Ku cike gurbi da na ko ta: taliya ... ɗari shida, ƙosai... ɗari biyu, fura... ɗari uku, tsire... dubu ɗaya.
4. Ku yi biyu-biyu, ɗaya mai shayi ɗaya mai saye, ku tsara hira irin ta sama, ku gabatar da ita a gaban aji.