Filin Shawara: Jan Biro Ya Cika Mini Takarda

Inna, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na kolej a Tunuga, bana zan zauna jarrabawar BEPC. Ingilishi ya zame mini ƙarfen ƙafa. Duk aikin da na miƙa wa mushe, wato malaminmu, sai ya dawo mini da shi jawur. Kwanan baya na tura wa ƴar kawuna da ke Kamba saƙo cewa zan zo "on monday" in kawo mata "informations". Ta karanta wa ƙawayenta, suka yi ta dariya. Tun ranar ban sake rubuta mata ko harafi ba. Inna, ko dai kaina ne ba ya ja?

Ƴarki daga Tunuga

Ƴata, share hawayenki, kanki lafiya lau. Na duba kurakuran nan biyu, na ga duk uwarsu ɗaya: Faransancin da kika tashi da shi tun ajin farko ne yake riƙe miki hannu in kin zo rubuta Ingilishi. Ƴar kawunki kuwa da Ingilishi aka fara mata a Kamba.

Mu fara da babban baƙi. Bafaranshe yana rubuta lundi da janvier da ƙaramin baƙi. Ingilishi bai yarda ba: Monday, January, kamar yadda muke rubuta Litinin da Janairu a Hausa. Haka sunan harshe da na al'umma: Hausa, Zarma, French, Nigerien. Kalmar I, wato ni, kullum babba ce, ko a tsakiyar jimla ta faɗo.

Sai ki raba sunan gama-gari da sunan yanka. Kogi kowane iri river ne, da ƙaramin baƙi. Amma wanda gada ta ratsa tsakanin Gaya da Malanville yana da sunansa, don haka River Niger za ki rubuta. Town kowane gari ne, Dosso kuwa guda ce. Kafin ki ɗora biro, tambayi kanki: wannan sunan kowa ne, ko na abu ɗaya tak?

Batun jam'i, yawanci s ake ƙarawa, kuma ki furta ta, kada ki haɗiye ta yadda ake yi a Faransanci: book, books. In kalma ta ƙare da s, x, ch ko sh, sai es: box, boxes. Lorry kan koma lorries. Akwai masu taurin kai da sai hadda: child, children, woman, women, foot, feet. Sheep kuma ba ta canzawa ko garke ne. Kada wannan ya firgita ki. Ke da kika san akuya ta zama awaki ba tare da wani ya ba ki doka ba, me zai gagare ki?

Inda kika yi tuntuɓe shi ne sunayen da ba a ƙirgawa. Wa ya taɓa ƙirga shinkafa a kasuwar Gaya? Buhu ake ƙirgawa, ko tiya. To haka Ingilishi ya ɗauki rice, information, advice da luggage: ba a sa musu s. Sai ki ce two bags of rice, ko a piece of advice.

Ga aikinki. Ki tsaga shafin littafinki gida biyu, Faransanci a hagu, Ingilishi a dama, duk kalmar da mushe ya ja wa layi ki shigar da ita. Kowace yamma ki rubuta jimla 5 kan abin da kika gani a ranar. Ki dage, domin tun 2025 Ingilishi ya shiga sahun harsunan aiki a Nijar tare da Faransanci.

Ƴar kawunki kuma ba ta kyauta ba, amma kada harafi ɗaya ya raba zumunci. Rubuta mata yau, ki ce ta riƙa gyara miki Ingilishi, ke kuma ki koya mata Faransanci. Ranar da za ta tsallaka Malanville sayayya, ke za ta nema. Allah Ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Innarku