Darasi: Yadda mata suka shiga wasan zari-ruga

Zari-ruga wasan ƙwallo ne da aka fara a Ingila. Turawa suna ce da shi rugbi. Ƙwallon tana da siffar ƙwai. Kowane gefe mutum 15 ne. Ɗan wasa yakan ɗauki ƙwallo a hannu ya ruga da ita, abokan hamayya su tare shi su kayar. In zai miƙa wa ɗan'uwansa da hannu, ba ya jefawa gaba, sai baya ko gefe.

Da can ana cewa wanga wasa na maza ne kaɗai. Amma a shekarar 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, mata sun buga shi a birnin Kadif na ƙasar Wels. A 1970 matan Faransa suka kafa ƙungiyarsu. A 1982 aka yi karon farko tsakanin matan ƙasashe biyu: Faransa ta ci Holan 4 da 0.

A 1991 mata huɗu na Ingila suka shirya gasar duniya ta farko a Wels. Hukumar wasan ta duniya ba ta ɗauki nauyinta ba. Su da kansu suka nemi kuɗi da filaye da masauki. Ƙasashe 12 suka zo. Amurka ta ci Ingila 19 da 6, ta ɗauki kofi. Sai a 1998 hukumar ta rungumi gasar.

Wasa ba ya ɗorewa in babu mai koyarwa. Shi ya sa waɗansu ƴan wasa, da suka bar fili, suka koma horar da na baya. Kati Flores tana cikin matan Amurka da suka ci kofin 1991. Daga baya ita ta horar da ƙungiyar ƙasarta, ta kai ta gasar duniya a 2006 da 2010.

A 2025 mutane fiye da 81,000 suka kalli wasan ƙarshe a Landan, inda Ingila ta ci Kanada 33 da 13.

Abin lura: matan nan ba su zauna jiran taimako ba. Sun haɗa kai, kuma wadda ta iya ta koya wa wadda ba ta iya ba. Haka karatu yake yaɗuwa cikin gari.

Tambayoyi
1. Mutum nawa ne a kowane gefe?
2. Su wa suka shirya gasar 1991?
3. Wane aiki Kati Flores ta yi bayan ta bar fili?