Darasin kwamfuta: me ya sa modem ke cewa "a maimaita"?

'Yan'uwa ɗalibai, kafin wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, mai son shiga intanet sai ya haɗa kwamfutarsa da layin tarho na NITEL ta wata 'yar na'ura da ake kira modem. Ita ke mai da rubutu ya zama ƙara, ta tura ta cikin waya, 'yar'uwarta a can ta mai da ita rubutu. Masu saurin cikinsu, na ƙa'idar V.90 ta 1998, ba su wuce bit 56,000 a daƙiƙa. Mun buga lissafi a kulob: hoto mai megabait ɗaya zai ci kusan minti biyu da rabi, in layi lafiya ƙalau ke nan.

Layi kuwa ba kullum yake lafiya ba. Ruwan damina ya jiƙa waya, ko tsawa ta faɗi, sai 0 ya koma 1.

Ku tuna yadda monita ke karanta mana darasi muna rubutawa, na bayan aji ya ce bai ji ba. Haka ake yi a nan. Ana yanka saƙo gunduwa-gunduwa, a liƙa wa kowace lambar tantancewa. Mai karɓa ya sake lissafin, in bai zo daidai ba ya yar da gunduwar ya nemi a sake aikowa. Tsarin XMODEM da Ward Christensen ya rubuta a 1977 yana tura bait 128, ya tsaya sai an ce masa an samu. Jiran nan asara ne. ZMODEM na 1986 ya ci gaba da zuba saƙo, ba ya komawa baya sai an yi kuskure.

Inda ƙurar take shi ne girman gunduwa. Monita ya karanta shafi guda kafin ya tambaya, to a aji mai shiru an gama da wuri. A aji mai surutu kuwa, kalma ɗaya ta ɓace sai a sake shafin gaba ɗaya. Gara a bi layi-layi, ko da tambayar ta yi yawa.

Wannan bai mutu da modem ba. Tsarin TCP da wayoyinmu ke aiki da shi yau ma yana sake aiko abin da ya ɓace. Shi ya sa ɗalibi a Tamawa zai ga alamar sabis a wayarsa, amma shafin sakamakon NECO ya yi ta juyi, har ya hau babur zuwa Kurfi ko Dutsin-Ma.